Rigimar Sake Sabis A Wani Filin Padel A Kaduna: Nazarin Lamari

Filin da masu wasa a cikinsa

Filin padel ɗin, wato wasan raket da ake bugawa bibbiyu a fili mai bango, yana arewacin garin Kaduna, a harabar wani wurin motsa jiki mai zaman kansa, kuma an fara wasa a cikinsa bayan ɗaukewar daminar 2024. Fili ɗaya ne tak, an gina shi bisa ma'aunin da ake bi a ko'ina: tsawo mita 20, faɗi mita 10, raga ta raba shi biyu, bangon gilashi a baya da kusurwoyi, sauran kewayen kuma wayar ƙarfe. Ana kama lokaci na minti 90, mutum huɗu su shiga, bibbiyu a kowane ɓangare. Kafin lokacinsu ya cika, wasu huɗun sun riga sun tsaya a bakin ƙofa da raket a hannu.

Masu zuwa a kai a kai duk suna zauren WhatsApp guda: ma'aikata, 'yan kasuwa, dattawan da suka yi ritaya, da samari masu karatu. Galibinsu daga Malali, Unguwar Rimi da Unguwar Dosa suke, wasu kuma sukan tsallako gada daga Barnawa. Babu ko ɗayansu da ya tashi da padel. A 1969 Enrique Corcuera ya ƙirƙiri wasan a gidansa da ke Akafulko ta ƙasar Meziko, ya bunƙasa a Sifaniya da Ajantina, hukumarsa ta duniya kuma, wato FIP, sai a 1991 aka kafa ta a Madrid. A wajenmu bai daɗe da isowa ba, don haka kowa ya shigo fili da dokar wasan da ya saba. Dattawan sun shekara suna buga tanis a Dandalin Murtala. Samarin da yawa 'yan tanis na tebur ne tun daga sakandare. Akwai 'yan badminton, akwai waɗanda suka yi ƙwallon raga.

A kan sabis, wato bugun da ake fara maki da shi, idan ƙwallo ta shafi raga, waɗannan wasanni ba su yi ittifaƙi ba. A tanis, in ƙwallo ta taɓa raga ta dira inda ya dace, sakewa ake yi. A tanis na tebur ma haka, sai dai can dama ɗaya mai sabis yake da ita. A badminton da ƙwallon raga kuwa ba a tsayawa, wasa ci gaba yake yi. Padel ya ɗauki dama biyu da lissafin 15, 30, 40 daga tanis, ya kuma ƙara abin da babu shi a ko ɗaya daga cikin huɗun: bango.

Mai sabis yana tsayawa bayan layin sabis, ya buga ƙwallo da ƙasa, ya doke ta daidai ƙugu ko ƙasa da shi, ta tsallake raga a karkace ta dira a gidan mai karɓa, wato akwatin da ke tsakanin raga da layin sabis a gefensa. Tsakanin raga da layin sabis mita 6.95 ne. Bangon gefe kuma, mita 6 na farko daga raga waya ne, gilashi daga nan yake farawa har kusurwa. Ke nan bangon da ke gefen gidan mai karɓa kusan duk waya ne, in ban da ɗan abin da bai cika mita ɗaya ba a ƙarshe. Mai sabis da ya iya, nan yake nufa, ƙwallo ta dira ta bugi gilashi ta rikita mai karɓa. In ta gajarta da taku ɗaya, waya za ta buga.

Disamba 2024 zuwa Janairu 2025: farkon musu

Makonnin farko babu wanda ya damu. Ana koyon riƙe raket ne, in sabis ya tsallake raga ma an gode Allah. Musu ya fara ne cikin hunturu, da hannu ya faɗa, masu sabis suka gane amfanin kusurwar nan suka riƙa nufarta da ƙwallo mai tafiya ƙasa-ƙasa. Ƙwallon da ke wuce raga da ƙyar tana yawan shafar bakinta. In ta shafa sai gudunta ya ragu, ta dira kafin inda aka nufa, ta tashi ta bugi waya maimakon gilashi.

A nan musu ya fi zafi. 'Yan tanis suka ce magana ta ƙare: ta taɓa raga, ta dira a gida, a sake. Wani saurayi mai bin wasannin gasar ƙwararru ta Premier Padel a YouTube ya ce ba haka yake gani ana yi ba, kuskure ne. Aka mayar masa da cewa in ana tsakiyar wasa ƙwallo ta dira ta bugi waya ai ba ta mutu ba, to me zai kashe ta a sabis? Bai da amsa a lokacin, ya dai san abin da ya gani.

Ko an yarda a sake, sai wata tambayar ta taso: sabis nawa ya rage? Wasu na ɗaukar biyu ko da a na biyu aka tsaya. 'Yan tebur na cewa ɗaya ne kullum. Sai kuma maganar “ban shirya ba”. Wani lokaci gaskiya ce, mutum ya juya ɗauko ƙwallo ko yana goge ƙura daga tabarau. Wani lokaci kuma sai ya kai raket ya kuskure sannan yake tuna bai shirya ba.

Akwai abin da ya sa musun bai taɓa warwarewa a cikin fili ba. Yawancin wasannin gauraye ne, dattijo da yaro a ɓangare guda, wani dattijon da wani yaron a ɗaya ɓangaren. Yaro zai ce, “Alhaji, kamar fa ta taɓa waya.” Alhaji ya ce, “A'a ɗana, raga ta taɓa, a sake.” Shi ke nan, yaro ya ja bakinsa. Alhajin a iya saninsa gaskiya ya faɗa, dokar tanis ce yake bi. Yaron kuma ba zai ja da sa'an mahaifinsa a gaban mutane ba. Sai dare ya yi maganar ta fito a zaure a kaikaice, ko kuma a ga yaro ya daina sa sunansa a lokacin da wancan dattijon ya kama.

Fabrairu 2025: duk abin da aka yi musu a kai, a sake

Mai kula da jadawalin fili, wanda shi ne kuma shugaban zauren, ya sanar da ƙa'ida guda a farkon Fabrairu: duk sabis ɗin da aka yi musu a kansa, kada a tsaya jayayya, a sake daga farko. Kowa ya yi na'am, domin an gaji da ɗaga murya.

Hayaniya ta ragu a makon farko. “Daga farko” kuwa na nufin dama biyu. Don haka mai sabis da ya ɓata na farko, na biyun ya shafi raga ya bugi waya, sai ya tashi da sabbin dama biyu muddin ya ce bai yarda ba. Masu karɓa su ma suka gano nasu: sabis mai kyau ya wuce ka, ka ce kamar ka ji ƙarar raga. Ba sai mutum ya yi ƙarya da gangan ba. In shakka tana da riba, kunne yakan ji abin da zuciya ke so. Har ta kai ana kiran a sake bayan an yi bugu uku ko huɗu, wani lokaci ma bayan maki ya ƙare.

Lokaci ya fara ƙwacewa. Minti 90 da a da yake isa a gama set biyu, wato manyan zagayen wasa, har a taɓa na uku, ya koma ana fita ba a gama na biyu ba, masu jira na ƙwanƙwasa gilashi. Kafin ƙarshen watan, jadawali ya rabu da kansa: samari sun koma kama lokaci su kaɗai, dattawa na neman cikon na huɗu suna rasawa.

Maris 2025: azumi, da gwaji biyu

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, wasa ya koma dare bayan asham, ƙarƙashin fitilu. Kowa na son 'yan awannin nan, saboda haka aka shigo da makin zinare don rage tsawon wasa: in an kai 40-40, maki ɗaya ke raba gardama, masu karɓa su zaɓi gefen da za a buga musu. Gasar World Padel Tour ta fara amfani da shi a 2020. Ya rage lokaci, amma ya ƙara wa kowane sabis nauyi, tun da yanzu bugu ɗaya na iya ɗaukar gem sukutum, wato ƙaramin zagayen da ake lissafa 15, 30, 40.

'Yan badminton suka kawo shawarar a soke sakewa gaba ɗaya. Ƙwallo ta taɓa raga ko ba ta taɓa ba, in dai ta dira a gida, a ci gaba. An gwada a rabin farko na watan. Mai karɓa a padel bayan layin sabis yake tsayawa, wato tsakaninsa da raga ya haura mita 7. Ƙwallon da ta bugi bakin raga ta sulale ta faɗi a gindinta, babu ƙafar da za ta cim mata. Aka riƙa cin maki da sa'a, har da makin zinare. Wani dattijo ya gurɗe a idon sahu garin rugawa ya tarbi irin wannan ƙwallo. Waɗanda kuma suka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja suka yi wasa a can sun dawo da labarin cewa an tsayar da su an yi musu gyara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, aka janye shawarar.

Gwaji na biyu shi ne a samo alƙali. Aka ɗora wa yaron da ke kula da fili, aka kuma kafa wayar hannu a bayan gilashin baya tana ɗaukar bidiyo. Daga can wayar hannun ba ta nuna shafar raga, ba ta kuma rabe gilashi da waya a bangon gefe, ga ƙurar da ta lafe a gilashi, ga hasken fitila yana haska shi. Duba bidiyo ɗaya kan ci minti biyu ko uku, mutum huɗu sun sunkuya a kan allo ɗaya kowa na ganin abin da ya zo nema. Shi kuwa yaron, da waɗannan mutanen yake cin abinci. Amsarsa kusan kullum ɗaya ce: “Yallaɓai, ban gani sosai ba.”

A goman ƙarshe abubuwa biyu suka faru. Wani dare aka ɗauke wuta ana tsakiyar makin da ya fara da sabis na biyu. Da janareta ya tashi, mai sabis ya ce biyu gare shi, abokan karawa suka ce ɗaya. Wannan an sasanta. Na biyun ba a sasanta ba. Makin zinare ne, sabis na biyu. Ƙwallo ta shafi raga, ta dira a gida, ta nufi bangon gefe, sai mai karɓa ya miƙa hannu ya cafe ta. Ya ce waya za ta buga, kuskure ne, gem nasu ne. Masu sabis suka ce ai ba ta buga ba. Aka duba bidiyo, bayan mutum kawai ya nuna. Huɗun suka fita ba su gama ba, biyu daga cikinsu suka bar zauren a daren.

Afrilu 2025: an koma ga rubutacciyar doka

Bayan ƙaramar salla, mai kula da jadawali ya lura da abin da ya daɗe a gabansa: rukunin matan da ke wasa safiyar Asabar ba su taɓa kawo ƙorafi irin wannan ba. Mai jagorantarsu malamar motsa jiki ce a wata sakandare, kuma tun ranar farko littafin dokokin FIP ta sauke daga intanet ta koyar da su da shi. Ya ce mata, “Malama, a taimaka mana da abin da kuke bi.” Ta rubuta shafi ɗaya da Hausa, ta kuma nemi a ba ta rabin awa a fili da masu rigimar.

Ba ta fara da raga ba, da waya ta fara. Sabis ɗin da ya dira a gida ya tashi ya bugi waya kafin dira ta biyu kuskure ne, ko da bai kusanci raga ba. In gilashi ya buga, lafiya lau, a ci gaba. Ta jefa ƙwallo da hannu a gilashi, ta dawo yadda kowa ya zata. Ta jefa a waya sau da dama, kowane jifa da inda ƙwallo ta nufa. A tsakiyar wasa an yarda da wannan rashin tabbas, amma ba a yarda mai sabis ya fara maki da shi ba. Daga nan sauran ya zo da sauƙi: shafar raga ba ta gyara sabis ɗin da dama ɓatacce ne.

Sai ta jera tambayoyi uku, ta ce a bi su a jere. Ta taɓa raga ko sandar raga? Ta dira a gidan da ya dace, layi ma cikin gida yake? Ta bugi waya kafin dira ta biyu? In ta taɓa raga, ta dira a gida, ba ta bugi waya ba, wannan shi ne let, a sake. In ta dira a waje, ko ta bugi waya, kuskure ne. Let ba shi da iyaka, ko sau nawa ya faru a jere sakewa ake yi.

A kan adadi kuma dokar a fili take. In let ya faru a sabis na farko, mai sabis na da biyunsa. In a na biyu ne, ɗaya kawai ya rage masa, kuskuren farko yana nan bai goge ba. Wannan daban yake da sake maki gaba ɗaya, wanda ake yi in ƙwallo ta fashe ana wasa, ko wani abu daga waje ya shigo fili, kamar ledar da iska ta kwaso, ko wani abin da ba laifin 'yan wasa ba ya katse wasa. Ɗauke wutar daren nan a wannan sahu yake, maki ne ake sakewa, don haka mai sabis da ya ce biyu gare shi yana da gaskiya. Sharaɗin shi ne a yi kira nan take. Wanda ya ci gaba da wasa ya zubar da haƙƙinsa. A gasar da ke da alƙali ma, wanda ya tsayar da wasa ya nemi let, alƙali ya ga bai cancanta ba, maki yake rasawa.

“Ban shirya ba” ita ma tana da iyaka. Mai sabis ba ya bugawa sai mai karɓa ya shirya, in ya buga kafin nan sakewa ake yi. Amma mai karɓa dole ya bi saurin mai sabis gwargwadon hankali, kuma da zarar ya kai raket da nufin mayarwa, ba shi da bakin cewa bai shirya ba.

Ta ƙara abu biyu da ba a ma taɓa musu a kansu ba saboda kowa ya ɗauka ya sani. In sabis ya shafi raga sannan ya taɓa mai karɓa ko abokinsa, a jiki ko a raket, kafin ya dira, let ne. In kuwa bai shafi raga ba ya same su kai tsaye, maki na mai sabis ne.

Ɗaya daga cikin mutanen daren makin zinare yana wurin, shi ya tambaya a kan ƙwallon da aka cafe. Malama ta ce doka na magana ne a kan ƙwallon da ta bugi waya, ba wadda za ta buga ba. Tun da an cafe ta kafin ta isa, let ne, mai sabis ya sake na biyunsa, ɗaya tak. Da mai karɓa ya janye hannunsa ya bar ta ta wuce, wataƙila da gem ɗin nasa ne. Wannan ɗabi'a ta cafe ƙwallo da an ji ƙarar raga daga tanis aka zo da ita, inda ba ta da illa sosai. A padel kyauta ce ake ba mai sabis.

Mayu zuwa Yuni 2025: daga takarda zuwa fili

An manna takardar a ƙofar fili an kuma tura ta zaure. Musu a kan me doka ta ce ya mutu cikin kwanaki. Musu a kan me ya faru bai mutu ba, domin takarda ba ta gani. Don haka a watan Mayu aka ƙara wani tsari na cikin gida, aka kuma rubuta a ƙasan takardar cewa wannan ɓangaren yarjejeniyar filin ce, ba dokar FIP ba.

Shafar raga, kowa na iya kira, amma nan take, kafin a mayar da ƙwallo. A aikace abokin mai sabis ne ya fi ji, tun da shi ke tsaye kusa da raga. Dira a gida ko a waje, da gilashi ko waya, masu karɓa ne ke kira, su ƙwallo ke zuwa gabansu. In su biyun ba su tabbatar da layi ba, ƙwallo na ciki. In gaskiya aka kasa rabe gilashi da waya a daidai mahaɗarsu, a sake wannan sabis ɗin kaɗai, na farko ko na biyu, ba a komawa baya. Mai sabis kuma ya faɗi lissafi da ƙarfi kafin ya buga, ya ƙara da “na farko” ko “na biyu”. Mai karɓa da bai shirya ba ya ɗaga hannu sama, kada ya kai raket.

An kuma duba filin kansa. Doka ta ce tsayin raga a tsakiya santimita 88 ne, a gefuna kada ya wuce 92. Da aka auna da tef ɗin tela sai aka tarar an ɗaure ta da yawa, tsakiyarta ya haura da kusan faɗin yatsu biyu. Aka daidaita, yawan shafar raga ya ragu a gani. Aka manna siririn tef mai launi a ƙarfen da ke tsakanin gilashi da waya don ido ya samu abin kamawa. Malama ta kuma nuna musu cewa kunne na taimakawa: gilashi ƙara ɗaya yake yi mai kauri, waya kuwa karkarwa take yi.

Makonnin farko tsarin ya yi tangal-tangal. Samari na ganin waya su yi shiru in dattijo ne ke sabis. Abin ya sauya ne a watan Yuni ta hannun dattijon nan da ya fi kowa cewa a sake a lokacin hunturu. Sabis ɗinsa na biyu ya shafi raga ya bugi waya, yaron da ke karɓa ya tsaya yana kallon ƙasa. Dattijon ya ce, “Ɗana, kira naka ne. Me ka gani?” Yaro ya ce, “Waya, Baba.” Ya ce to makinku ne, ya koma ɗaya gefen ya faɗi sabon lissafi. Ya maimaita haka a wasanni da dama, sauran dattawan suka bi sahu.

Agusta 2025: gasar cikin gida

A tsakiyar damina aka shirya gasa ta kwana biyu, aka haɗa abokan wasa ta hanyar ƙuri'a, dattijo da yaro. Babu alƙali sai a wasan ƙarshe, inda Malama ta zauna a gefen raga. An sake sabis sau da dama, an sake maki da iskar hadari ta watso ganye cikin fili, amma ba a watse a wasa ko ɗaya ba, ba a kuma nemi bidiyo ba. A ranakun yau da kullum minti 90 ya koma isar set biyu. Cikin mutum biyun da suka bar zaure a azumi, ɗaya ya dawo ya shiga gasar, ɗayan bai dawo ba.

Abin da ya sa wasu matakan suka gaza, wasu suka yi aiki

A ganina ƙa'idar Fabrairu ita ce mafi illa, duk da ita ta fi kama da zaman lafiya. Ta haɗa abubuwa uku da doka ta raba, kuskure da sake sabis da sake maki, ta ba su hukunci ɗaya, kuma hukuncin ya fi amfanar wanda ya fi yawan musu. Mai gaskiya da ke yin shiru shi ya riƙa biyan kuɗin wannan zaman lafiyar, shi ya sa samarin suka janye ba tare da sun ce uffan ba. Soke let a azumi ya gaza ne don an aro doka daga wasannin da mai karɓa ke tsaye kusa da raga ko yake da abokai a gabanta. Bidiyo da yaron fili kuma an tambaye su abin da ba sa iya gani daga inda suke, shi yaron ma an ɗora masa hukunci a kan mutanen da ba zai iya ce musu a'a ba. Wannan bai dace a yi masa ba tun farko.

Takardar Malama ta yi aiki saboda ba ta tsaya ga faɗin hukunci ba, ta nuna dalilinsa da ƙwallo a hannu, kuma ta fara daga waya, inda 'yan tanis ba su da wata tsohuwar doka da za su kare. Wanda ya gane me ya sa waya ke ɓata sabis ba ya buƙatar haddace sauran. Amma takardar kaɗai da ba ta isa ba. Kunyar da ke hana yaro ja da babba abu ne mai kyau, ba kuma wanda ya nemi a cire ta. Abin da tsarin Mayu ya yi shi ne ya mayar da kira aikin mai karɓa, ko wane ne shi, ta yadda yaron da ya ce “waya” ba jayayya yake yi da Alhaji ba, aikinsa yake yi. Hakan ma bai zauna ba sai da babba ya nemi a yi masa hukuncin da bakinsa a gaban jama'a.

Abu biyu sun rage. Sabbin shiga daga tanis har yanzu suna cafe ƙwallo da sun ji raga, don haka yanzu ana tura wa duk wanda aka saka a zaure takardar kafin ya kama lokacinsa na farko, a kuma haɗa shi da tsohon hannu. Sannan mai wurin na maganar gina fili na biyu a gefe. In hakan ta tabbata, ƙwallon da ke tsallakowa daga maƙwabta za ta zama ruwan dare, kuma sashen sake maki, wanda layi biyu ne kawai a takardar yanzu, zai buƙaci a faɗaɗa shi kafin a buɗe sabon filin.